Matse Sauti a Haɗin Waƙa: Lokacin da Ake Bukatarsa da Lokacin da Ake Barinsa

Matse sauti shi ne rage tazarar da ke tsakanin wuraren da sauti ya yi ƙarfi da wuraren da ya yi ƙasa. Na'urar da ke wannan aiki ana kiranta kwamfuresa. Sunanta ɗaya da na injin mai faci da na firji, amma sunan ne kawai ya haɗa su. Wadda muke magana a kanta tana zaune a kan hanyar sauti, tsakanin makirufo da lasifika ko cikin manhajar haɗa waƙa, tana sauraro. Idan sauti ya haura iyakar da aka sa mata sai ta danne shi, idan ya sauko sai ta sake shi. Kada kuma a rikita wannan da matse fayil irin na MP3, wanda ke sa waƙa ta rage nauyi a waya. Wancan girman fayil yake ragewa, wannan kuwa hawa da saukar murya yake taɓawa.

An shirya wannan bayani domin 'yan'uwan da ke zama a bayan miksa a majami'a, da shugabannin mawaƙa, da matasan da ke ɗaukar waƙoƙin ƙungiya a kwamfuta. A da, ikilisiyar da ke son kwamfuresa sai ta sayi akwati dabam, kuma akwati guda layi ɗaya ko biyu yake ɗauka, don haka dole a yi tunani kafin a ba wani. Yanzu miksa irin Behringer X32, wadda ta fito a 2012, tana da kwamfuresa a kowane layi, ƙananan miksa na Yamaha MG ma suna da maɓallin matsewa guda a wasu layukan makirufo. Tun da abin ya zama na kowa, sai aka shiga kunna shi a ko'ina don dai yana nan. Daga nan ne yawancin damuwar take fitowa.

Abin da na'urar take yi

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Ƙarin desibel 6 daidai yake da ninka ƙarfin siginar lantarki sau biyu, ƙarin desibel 10 kuwa shi ne wajen abin da kunne ke ji kamar sauti ya ninka. Tsakanin raɗar mutum ɗaya da ihunsa ana samun fiye da desibel 40.

Maɓallin farko shi ne iyaka, wanda masu aikin suke kira tireshol. Duk abin da ke ƙasa da iyaka yana wucewa yadda ya zo. Na biyu shi ne reshiyo, wato awon dannewa. Idan an sa 4:1, duk desibel 4 da suka haura iyaka, 1 ne kawai zai fita. A ce mawaƙiya ta ɗaga murya ta haura iyaka da desibel 8: a 4:1 za ta fita da 2 a saman iyaka, an danne 6 ke nan, a 2:1 za ta fita da 4. Daga 10:1 zuwa sama, na'urar ta zama limita, wato katanga ce da kusan ba a tsallakewa.

Sai lokaci. Atak shi ne saurin kamawa, rilis shi ne saurin saki, kuma ana auna su da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Na ƙarshe shi ne maɓallin ramuwa, wanda ke ɗaga sautin gaba ɗaya bayan an danne shi.

Akwai abin da ya kamata a fahimta sosai a nan. Kwamfuresa ba ta ƙara wa murya ƙarfi, ragewa take yi. Maɓallin ramuwa ne ke ɗagawa, shi kuma ba ya zaɓe. Idan ka rama desibel 6, ka ɗaga kalmomin da mawaƙi ya faɗa a hankali da desibel 6, ka kuma ɗaga ƙarar fanka, da gurnanin janareto, da jan numfashi, da gangar da ke bayansa da desibel 6 ɗin nan. Wannan shi ne kuɗin da ake biya duk lokacin da aka matse sauti. Kafin a kunna, sai a duba ko abin da za a samu ya kai abin da za a biya.

Yawancin na'urori suna da ma'aunin ragi, wanda aka rubuta masa GR. Shi ne ke nuna desibel nawa ake dannewa a kowane lokaci. Wanda ke murɗa maɓallai ba tare da kallon wannan ma'auni ba lalube yake yi a duhu.

Inda ta samo asali

Gidajen rediyo ne suka fara bukatarta. Na'urar watsa shiri tana da iyakar ƙarfin da za ta ɗauka, idan aka wuce sai sautin ya farfashe, kuma hannun ma'aikaci ba ya iya riga ihun da bai san yana zuwa ba. A 1937 kamfanin Western Electric na Amurka ya fitar da 110A domin wannan aiki. Masu yanka faifai ma suna da irin wannan damuwa, domin sauti mai ƙarfi yakan sa allura ta yi tsalle daga layinta.

Daga baya aka ƙera waɗanda har yau ake kwaikwayonsu a cikin manhaja. LA-2A ta kamfanin Teletronix ta fito a farkon shekarun 1960, tana aiki da ɗan haske da ke haskaka wani ido na lantarki, dannewarta kuma mai laushi ce. 1176, wadda Bill Putnam ya ƙera a 1967, tana kamawa cikin ƙasa da milisakan ɗaya. dbx 160 ta zo a 1976. Idan ka ga waɗannan sunaye a kwamfuta, hotonsu ne aka yi.

Tarihin ya bar mana dalilai biyu na matse sauti. Na farko tsaro da daidaito: sautin ya fi ƙarfin wurin da zai bi. Na biyu ɗanɗano: masu situdiyo sun lura cewa wasu na'urori suna ba murya da ganga wani kauri mai daɗi, sai suka riƙa nemansa da gangan. A cikin majami'a, kusan kullum dalili na farko ne ya shafe mu.

A fara da sanin cutar

Jama'a sukan zo wurin mai miksa da ƙorafi iri ɗaya, cewa ba sa jin kalmomin waƙa. Amma ƙorafin nan yana da tushe da yawa, kuma ɗaya ne kawai kwamfuresa ke magani. Idan muryar kullum a ƙasa take, sai a tura feda, wato maɓallin nan da ake turawa sama da ƙasa. Idan kibod ko jita ce ta rufe ta, sai a rage su. Idan muryar ta yi duhu kamar mai magana cikin randa, aikin ikwalaiza ne. Idan ɗakin ne ke maimaita sauti, babu maɓallin da zai gyara bango. Cutar da kwamfuresa ta sani ita ce wannan: abu ɗaya, a cikin waƙa ɗaya, yanzu ya yi yawa, an jima ya ɓace, kuma babu inda za ka ajiye feda ya dace da duka biyun.

Ko an tabbatar wannan ce cutar, akwai abubuwa uku da ke gaba da kwamfuresa.

Na farko shi ne riƙon makirufo. Duk lokacin da tazara tsakanin baki da makirufo ta ninka, ƙarfin yana faɗuwa da wajen desibel 6. Daga santimita 5 zuwa 10 an rasa 6, zuwa 20 an rasa 12. Mawaƙin da ke kaɗa makirufo daga leɓe zuwa ƙirji yana rawa, shi da kansa ya haifar da tazarar da ake son na'ura ta gyara. Kuma ba ƙarfi kaɗai ke canzawa ba. Irin makirufon hannu da muke amfani da su suna ƙara wa murya kauri idan an matso, su siranta ta idan an ja baya, kwamfuresa kuwa ba ta iya mayar da wannan. Minti goma a lokacin koyon waƙa, a nuna wa masu ba da waƙa inda za su riƙe makirufo, ya fi duk wani saiti. Gogaggen mawaƙi yakan ɗan ja makirufo baya idan zai kai murya sama, ya matso idan zai sauko. Wannan ma matse sauti ne, da hannu aka yi shi, kuma ba ya ɗaga ƙarar janareto.

Na biyu shi ne maɓallin shigowa da ke saman kowane layi. Idan an buɗe shi da yawa har jar fitila tana kamawa, sautin ya riga ya fashe kafin ya isa wurin kwamfuresa, ita kuma fasasshen za ta danne ta miƙa. A saita shi da wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, a kuma bar sarari, domin mawaƙa sukan fi ɗaga murya ranar Lahadi fiye da ranar koyo. A miksa ta zamani sifili shi ne rufi, don haka ana barin kololuwar sauti wajen desibel 10 zuwa 12 a ƙasa da shi.

Na uku shi ne hannunka. A nan ne rabon aiki yake. Canjin da ke zuwa a hankali, kamar daga baiti zuwa amshi, ko daga mai ba da waƙa ɗaya zuwa wani, na feda ne. Canjin da ke zuwa cikin kalma ɗaya ko layi ɗaya, wanda hannu ba zai iya cimma ba, na kwamfuresa ne. Hannu yana da abin da na'ura ba ta da shi: ya san waƙar. Idan shugaba ya saukar da murya da gangan domin jama'a su natsu, mai miksa da ya halarci koyo ya san a bar shi a ƙasa. Kwamfuresa da maɓallin ramuwa za su ɗago shi, domin ba su san an yi niyya ba.

Inda take da amfani

Muryar mai ba da waƙa ita ce ta fi cancanta. A waƙar da ɗaya ke bayarwa jama'a na amsawa, shugaba yakan yi magana a hankali tsakanin layuka, nan take ya kwarara murya, kuma duk wannan a kan ganguna da kibod. Wurin farawa mai kyau shi ne reshiyo 3:1, atak milisakan 10 zuwa 20, rilis 100 zuwa 200. Sai a saukar da iyaka a hankali har ma'aunin ragi ya nuna desibel 3 zuwa 6 a wuraren da suka fi ƙarfi, ya kuma koma sifili tsakanin layuka. Komawar nan ita ce shaida. Idan ma'aunin bai taɓa komawa sifili ba daga farkon waƙa har ƙarshe, iyakar ta sauka da yawa, kuma abin da ake yi bai wuce rage feda ta doguwar hanya ba. Waɗannan lambobi mafari ne, kunne ne zai ƙarasa.

A kula da atak a kan murya. Baƙaƙe irin su k, ƙ, t da ts suna fitowa ne da ɗan gajeren bugu a farkon gaɓa, kuma da su kunne ke gane iyakar kalma. Atak mai tsananin sauri yakan aske wannan bugu, sai muryar ta cika ɗaki amma kalmomin su yi laushi, garin neman gira an rasa ido. Akwai kuma kishiyar wannan. Da yake wasula ne suka fi ƙarfi, su ake dannewa, sai s da sh su fito fili suna sukar kunne. Maganinsu wata 'yar kwamfuresa ce ta musamman da ake kira di'esa, wadda ke danne siririn sauti kawai, wajen hez 5,000 zuwa 8,000.

Jitar bes ita ce ta biyu. Wata tsirkiya tana fitowa da ƙarfi, wata ta noƙe, kuma idan ƙasan waƙa yana rawa, duk waƙar ce ke rawa. Reshiyo 4:1 da ragin desibel 3 zuwa 5 yakan zaunar da ita. Sai dai a nan sauri yana ɓarna. Tsirkiya mafi kauri a bes mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa wajen sau 41 a sakan, wato kowace kaɗawa tana cin milisakan 24. Idan atak da rilis duka sun fi wannan gajarta sosai, na'urar takan bi kowace kaɗawa tana dannewa tana saki, sai a ji sautin yana gurzawa kamar lasifika ta yage. A tsawaita rilis, gurzawar za ta tafi.

A kan ganguna manufar dabam ce, domin siffar bugu ake gyarawa. Kowane bugu yana da kai da jela: kai shi ne lokacin da sanda ta sauka, jela ita ce amon da ke biyo baya. Atak na milisakan 20 zuwa 30 yana barin kai ya wuce ya danne jela, sai bugun ya fito da kaifi. Atak mai sauri yana cinye kai, ramuwa kuma ta ɗago jela, sai gangar ta yi tsawo ta rasa naushi. Kowanne yana da ranarsa, amma sai mutum ya san wanda yake nema. Kalangu yana bukatar a yi masa a hankali, domin makaɗi da ƙarfin sanda da matse tsirkiyoyi yake magana, idan aka daidaita masa bugu duka an karɓe masa rabin bakinsa. A ƙaramar majami'a kuwa, jerin ganguna sun riga sun fi kowa ƙara ko babu makirufo. A irin wannan wuri zancen matse su bai taso ba, abin dubawa shi ne ko suna bukatar makirufo ma.

Makirufon mai wa'azi ko mai sanarwa yana amfana da kwamfuresa a matsayin mai gadi: a sa iyaka a sama, yadda maganar yau da kullum za ta wuce ba a taɓa ta ba, sai ihu kawai za a kama. Haka limita a babban layin fita, domin kare lasifika. Fitilarta ta riƙa ƙiftawa jefi-jefi. Idan tana kunne tun daga waƙar buɗewa, kayan sun yi wa ɗakin kaɗan ko an tura su fiye da kima.

Inda ya fi kyau a bar ta a kashe

Makirufon ƙungiyar mawaƙa shi ne wurin da aka fi yin gyaran gangar Auzinawa. Yana tsaye nesa da bakuna, an buɗe shi sosai, kuma yana jin duk abin da ke kewaye. Kwamfuresa ba ta san wane ne mawaƙi ba, abin da ya fi ƙarfi take bi. Idan ganga ce ta fi ƙarfi a wannan makirufo, duk bugu ɗaya sai muryoyin mutum talatin su nutse su taso, kamar ƙungiyar tana haki. Haka yake faruwa da zumuntar mata idan mai kuge ko mai caki ta tsaya kusa da makirufo. Gyaran ba ya cikin miksa, a matsar da masu kiɗa gefe ne, a juya musu bayan makirufon. Ban da wannan, ƙungiyar mawaƙa ta riga ta daidaita kanta, domin muryoyi da yawa suna cike wa juna giɓi. Hawa da saukar da ya rage shi ne wanda shugabansu ya yi makonni yana koya musu. Wanda ya baje shi da na'ura ya zubar da wahalarsu.

Sai kukan lasifika, wato siririyar ƙarar nan da ke tashi idan makirufo ya ji abin da lasifika ta fitar ya sake mayar mata. Lissafinsa mai sauƙi ne. A ce saura desibel 6 kafin kuka ya tashi, sai ka matse muryar ka rama desibel 6. Muddin mawaƙiya tana rerawa, na'urar tana danne layin, komai lafiya. Da ta yi shiru sai na'urar ta saki, ƙarfin layin ya haura da desibel 6 ɗin, kuka ya tashi. Saboda haka idan ka lura kukan yana zuwa ne a lokacin shiru, tsakanin baiti da baiti ko lokacin da mai magana ya tsaya, fara duba maɓallin ramuwa. Ginin da ke da rufin kwano ba silin, da bangon siminti da daɓen tayil, yana mayar da sauti sosai, don haka sararin da ake da shi kafin kuka ƙanƙani ne tun farko. A irin wannan ɗaki ana iya matsewa kaɗan a bar ramuwa a sifili.

Lasifikar da mawaƙa ke jin kansu da ita, wato monita, ita ma gara a kai mata murya ba matsi. Mawaƙi yana auna ƙoƙarinsa da abin da yake ji. Idan ya ƙara ƙarfi bai ji ya ƙaru ba, sai ya ƙara turawa, kafin a tashi sujada murya ta dishe. Miksa da yawa na zamani suna ba da zaɓin a ɗebi sautin monita kafin ya shiga kwamfuresa, kuma ya kamata a nemi wannan zaɓi.

Akwai kuma abubuwan da sun riga sun zo a matse. Sautin ogan da dogon amon kibod ba su da hawa da sauka da za a rage. Jita mai gurzajjen sauti ta riga ta matsu a cikin na'urarta. Waƙar da aka kunna daga waya ko filashi an gama matse ta a situdiyo, ƙari a kai ba ya haifar da komai sai gajiyar kunne.

Cikin ɗaki dabam, cikin waya dabam

Shawarar ta dogara ƙwarai da inda mai sauraro yake. Wanda ke zaune a majami'a yana da manyan lasifikoki, yana kuma jin ganguna da muryoyin jama'a kai tsaye. Wurin yana iya ɗaukar faɗin tazara, kuma wannan tazara ce ke sa amshi ya tashi da rai. Akwai ma batun lafiya: matsattsen sauti ba ya ba kunne hutu, matsakaicin ƙarfinsa yana sama koyaushe. Hukumar NIOSH ta Amurka ta ba da shawarar kada a wuce awa 8 a desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, wato a desibel 94 awa ɗaya ce. Yara da tsofaffin da ke kujerun gaba su suka fi kusa da lasifika.

Wanda ke kallo a Facebook ko YouTube kuwa, da ƙaramar lasifikar waya yake ji, wataƙila a shago ko cikin mota. Duk abin da ya yi ƙasa ya ɓace masa. Shi yana bukatar matsi fiye da na ɗaki. Shi ya sa bai dace a ɗauki haɗin ɗaki a tura intanet yadda yake ba, kuma bai dace a matse ɗaki don a gamsar da waya ba. A ware layin fita dabam domin watsawa, a sa masa kwamfuresa mai sauƙi, kamar 2:1 da atak wajen milisakan 30 da ragin desibel 2 zuwa 4, sai limita a bayanta da ke tsayar da kololuwa desibel 1 ƙasa da sifili.

A situdiyo babu kukan lasifika, akwai kuma lokaci. Ana iya fara daidaita muryar da hannu, layi bayan layi, a cikin manhaja, sannan a bar wa kwamfuresa ɗan abin da ya rage. Matsi biyu marasa nauyi a jere sukan fi matsi ɗaya mai nauyi ɓoyuwa. Ga ganguna akwai dabarar da ake dangantawa da situdiyoyin New York: a kwafi sautin, a matse kwafin sosai, a zuba kaɗan daga cikinsa a ƙarƙashin na asali. Bugun ya tsira, kauri ya ƙaru.

Jarabar situdiyo ita ce son waƙa ta fi ta kowa ƙara. Daga shekarun 1990 kamfanonin waƙa suka shiga wannan tsere a kan faifan CD, har kundin Death Magnetic na ƙungiyar Metallica, wanda ya fito a 2008, ya jawo ƙorafin masu saye saboda yadda sautinsa ya farfashe. A 2010 ƙungiyar gidajen watsa shirye-shirye ta Turai ta fitar da ƙa'idar R128, wadda ke auna matsakaicin ƙara da ma'aunin LUFS ta tsayar da shi a -23. Spotify yana daidaita waƙoƙi a -14, YouTube ma yana rage wa duk wadda ta yi ƙara da yawa. A waɗannan wurare, waƙar da aka matse har ta baje za a saukar da ita daidai da sauran, ta zauna ba naushi. Sai dai waƙoƙin ƙungiyoyinmu da yawa ta WhatsApp da memori suke yawo, inda ba wanda ke daidaita ƙarfi, kuma wadda ta yi ƙasa sosai za ta zama kamar marar lafiya kusa da 'yan'uwanta. A ganina matsakaici ya fi: a ɗaga ta da limita har ta tsaya cikin tsara, a dakata da zarar bugun ganga ya fara dushewa.

Yadda ake gwadawa

Kunne yana da rauni guda: idan aka ba shi sauti biyu, wanda ya ɗan fi ƙarfi yake zaɓa, ko da bai fi kyau ba. Da yake ramuwa tana ƙara ƙarfi, kusan kowace kwamfuresa takan yi kamar ta gyara abu a daƙiƙar da aka kunna ta. Domin kauce wa wannan, a saita ramuwa yadda ƙarfin zai zama ɗaya ko tana kunne ko tana kashe, sannan a riƙa kunnawa ana kashewa, sauran kayan kiɗa suna tafiya. Kada a yi gwajin da layin shi kaɗai, domin muryar da ta yi daɗi ita kaɗai tana iya nutsewa cikin taro. Abin saurare shi ne ƙarshen layuka, inda numfashin mawaƙi ke ƙarewa: kalmomin sun fito fiye da da? Idan ba a ji bambanci ba, a kashe. Idan numfashi ya yi ƙarfi kamar kalma, ko ƙarar ɗaki tana tasowa duk lokacin da aka yi shiru, a ɗaga iyaka ko a rage reshiyo.

Miksa ta zamani tana ajiye saiti, kuma wannan yana da tarko. Iyakar da aka sa wa mai siririyar murya makon jiya za ta shaƙe mai babbar murya yau, wadda aka sa wa mai babbar murya kuma ba za ta taɓa mai siririya ba. Reshiyo da atak da rilis suna iya zama yadda suke na tsawon watanni. Maɓallin shigowa da iyaka kuwa, duk lokacin da makirufo ya canza hannu sai an sake duba su, ana kallon ma'aunin ragi a layi biyu na farkon waƙar.